Ku Tambayi Jakada: Takardu, Iyaka da Zaman Lafiyar Gida

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata daga Damagaram da kewaye sun fi karkata ga bakin iyaka da hulɗa da ƙasashen waje. Mun miƙa su ga wasu dattawa da suka yi aikin jakadanci har suka yi ritaya, ga kuma amsoshin da suka haɗu suka bayar.

Tambaya: Ɗana yana ɗinki a Kano shekara da shekaru. An tsare shi kan wata rigima ta kuɗi, mu kuma nan ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba. An ce mana ƙasarmu tana da ofishi a can. Za su iya fito da shi? — Wata uwa, unguwar Zango

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo mafita. Gaskiya ne, Nijar tana da babban ofishin jakadanci a Abuja, tana kuma da ƙaramin ofishi a Kano, wanda shi ne aikinsa kula da ƴan ƙasa irin ɗanki. Amma gara ki san iyakar ƙarfinsu tun yanzu, kada ki sa rai da abin da ba ya hannunsu. Konsil, wato jami'in wannan ƙaramin ofishi, ba ya buɗe kurkuku, ba ya ba alƙali umarni, ba ya biyan bashin wani. Abin da doka ta ba shi yana cikin yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan aikin konsil, sashe na 36: ya ziyarci wanda aka tsare, ya yi magana da shi, ya taimaka a nemo masa lauya, ya kuma sa ido a ga an bi da shi yadda dokar ƙasar ta tanada. Kada ki raina wannan. Fursunan da aka san akwai mai zuwa tambayarsa ba a cika mantawa da takardunsa a cikin aljihun tebur ba.

Inda mutanenmu suke yin asara shi ne wajen buɗe baki. Dokar ta ce hukumar da ta kama baƙo za ta sanar da ofishin ƙasarsa ba tare da jinkiri ba idan shi ya nema. To da yawa ba sa nema. Wasu ba su sani ba, wasu kuma tsoro ke sa su ɓoye cewa ƴan Nijar ne, suna zaton hakan zai ƙara musu laifi. Saboda haka saƙon farko da za ki aika masa shi ne ya faɗa da bakinsa, a kuma rubuta a cikin bayaninsa, cewa shi ɗan Nijar ne yana son a sanar da konsil.

Ku kuma a nan ku haɗa hoton takardar haihuwarsa, da katin ɗan ƙasa, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa wadda kotu ke bayarwa idan yana da ita. Ku rubuta wasiƙa gajera: cikakken sunansa, ranar da aka kama shi, wurin da yake tsare, abin da ake tuhumarsa da shi, da lambar wayar mutum ɗaya tak daga cikin dangi. Mutum ɗaya, Hajiya, don idan kawu ya kira ya faɗi wani abu, ƙane ya kira ya faɗi wani, ma'aikacin ofis ba zai san na wa zai ɗauka ba. A kai wasiƙar hannu da hannu, a karɓi shaidar an ajiye ta.

Abu biyu ne ke tsayar da irin wannan magana. Na farko suna: takardar nan ta ce Ousmane Mahamadou, ta can ta ce Usman Muhammad, ranar haihuwa ma ta sha bamban, sai a kwashe makonni ana tabbatar da cewa mutum guda ne. Na biyu ya fi nauyi. Idan ɗanki ya yanki katin ɗan ƙasa na Najeriya, kuma da shi aka kama shi, hukumomin can suna iya cewa ɗan ƙasarsu ne, konsil ba shi da hurumi a kansa. Tun 2014 dokar Nijar ta amince mutum ya riƙe ƙasa biyu, amma amincewarmu ba ta tilasta wa wata ƙasa ta ɗauki ɗanta a matsayin baƙo a cikin gidanta.

Ga sauran iyaye masu ƴaƴa a waje: ku matsa musu su yi rajista a ofishin ƙasarsu su karɓi katin konsil tun suna lafiya. Da shi ne ake saurin ba mutum takardar komawa gida idan fasfonsa ya ɓata, bayan ya kai rahoton ɓatan ga ƴan sanda. Jaririn da aka haifa a can ma a kai takardar haihuwarsa a shigar da ita cikin rajistar ƙasarmu, in ba haka ba ranar jarrabawa ko ranar neman fasfo za a sha wuya.

Tambaya: A 2023 an ba jakadan Faransa awa 48 ya fita, amma ya yi wata guda bai tafi ba. Me ya hana a shiga a fito da shi? Ashe ba ƙasarmu ba ce? — Malamin makaranta, Birni

Amsa: Malam, ƙasarmu ce, har filin da ofishin yake a kai. Masu cewa ofishin jakadanci yanki ne na ƙasar da ta aiko shi sun yi kuskure. Abin da ke akwai kariya ce. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan aikin jakadanci, sashe na 22, ta hana jami'an ƙasa mai masauki shiga harabar ofishin sai da izinin shugabansa, kuma ba ta ware wani yanayi ba. Sashe na 45 ma ya ce ko an yanke hulɗa, ko ana yaƙi, wajibi ne a kare ginin da takardun cikinsa.

Ita wannan yarjejeniya kuma, a sashe na 9, ta ba ƙasa mai masauki ikon ta ce ba ta son wani jami'i a duk lokacin da ta ga dama, ba sai ta faɗi dalili ba. Ƙasarsa za ta janye shi. In ta ƙi cikin lokacin da ya dace, mai masauki na iya daina ɗaukarsa a matsayin jami'in jakadanci. Wannan hanya Yamai ta bi da jakadan Faransa, Sylvain Itté: wa'adi ranar 25 ga Agusta, sannan sanarwar janye masa kariya a ƙarshen watan. Paris kuwa ta tsaya kan cewa ba ta amince da hukumomin da suka hau mulki ranar 26 ga Yuli ba, don haka ba su da ikon korarsa. Gardamar ke nan: wa ke magana da sunan Nijar? A aikace, wanda ke riƙe da ma'aikatu da filin jirgi da ƙofar gari shi ke da ta cewa, kuma jakadan da mai masauki ya daina karɓa ba shi da sauran aikin yi ko da ya shekara a zaune. Ranar 24 ga Satumba shugaban Faransa ya sanar da janye shi, ranar 27 ya bar Yamai, a farkon Janairun 2024 aka rufe ofishin.

A ganinmu rashin kutsawa cikin ginin shi ne daidai. Muna da ma'aikata da iyalansu a ofisoshinmu na ƙasashen duniya, kuma katangar da ta kare baƙon nan ita ce ke kare namu a can. Wanda ya rusa ta a Yamai ya rusa ta a ko'ina.

Ka kuma lura cewa fushin ƙasashe hawa-hawa ne. Ana fara kiran jakada ma'aikatar harkokin waje a faɗa masa, a ba shi takardar ƙorafi. In abin ya yi tsami ƙasa ta kira nata jakadan gida don tuntuɓa, kamar yadda ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, suka yi da Aljeriya a Afrilun 2025. Daga nan sai barin ofis a hannun muƙaddashi, sai korar jami'ai, sai yanke hulɗa ɗungurungum, irin wadda Nijar ta yi da Yukren a Agustan 2024. Gwani a wannan aiki ba ya tsallake mataki sai dole, domin kowane mataki da aka hau sai an sauko shi wata rana, kuma saukowa ta fi hawa wuya.

Tambaya: Ina kai kaya Daura da Kano ta Ɗan Barto. Tunda mun fita daga CEDEAO, sai na nemi biza ke nan? — Ɗan kasuwa, Matamai

Amsa: Alhaji, bisa sanarwar da ɓangarorin biyu suka fitar, a'a. Nijar da Mali da Burkina Faso sun bayyana ficewa daga wannan ƙungiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma ranar 28 ga Janairun 2024, ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, saboda dokar ƙungiyar ta gindaya wa'adin shekara guda. A ranar ce CEDEAO ta nemi mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan ƙasashen uku masu tambarinta, su bar su shiga ba biza, su kuma ci gaba da ɗaukar kayansu bisa tsarin cinikin ƙungiyar, har sai an sake sanarwa. AES ma tun Disambar 2024 ta ce ƙofarta a buɗe take ga ƴan CEDEAO. Ka riƙe kalmar nan, har sai an sake sanarwa. Dā ƙa'idar CEDEAO ta 1979 ce ta ba ka haƙƙin kwana 90 ba biza. Yau lamuni ne da ake iya canzawa, don haka ka dinga tafiya da kati mai rai, da katin rigakafin shawara, da takardun duwan na kayanka cikakku, kada ka ba kowa hujja a kan hanya.

Abin da ya kamata ƴan Damagaram su sani shi ne hulɗarmu da Najeriya ta girmi CEDEAO. Hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu an kafa ta a 1971, hedikwatarta tana Yamai, ita kuwa CEDEAO sai 1975. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da muka haɗa, daga Gulbin Maraɗi har Komadugu Yobe. Iyaka ce ta kusan kilomita 1,500 da Turawan Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1898 da 1906, ta ratsa gonaki da dangi. Duk wanda ya zauna cikin duhu a nan bayan yanke wutar da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa a Agustan 2023, ya kuma ga yadda farashi ya tashi a kasuwar Dole kafin a ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 a buɗe iyaka a Maris, ya san cewa wannan maƙwabtaka ba ta jure dogon gaba. Zumunta a ƙafa take, shi ya sa zuwan ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar Yamai a Afrilun 2025, da zamansa da takwaransa na Nijar Bakary Yaou Sangaré kan farfaɗo da hukumar, ya fi muku amfani fiye da jawabai goma.

Tambaya: Ina karatu a jami'ar André Salifou. Ta yaya ake zama jakada, kuma mene ne aikin a kullum? — Wata ɗaliba

Amsa: Ƴata, ba a fara da jakada. Ana shiga ma'aikatar harkokin waje ta jarrabawar ɗaukar ma'aikata, da digiri a shari'a, ko hulɗar ƙasashe, ko tattalin arziki, ko harsuna. Wasu suna ƙaro horo a makarantar koyon aikin mulki ta Yamai ko a IRIC, cibiyar koyar da hulɗar ƙasashe ta Yawunde. Daga nan sai shekaru a ofis kina rubutu ana gyara miki, kafin a tura ki waje a matsayin sakatariya, sannan mai ba da shawara. Faransanci kaɗai ba ya isa. Ki dage da Ingilishi, kuma idan kina da tushen Larabci kada ki yar da shi, don Riyad da Jidda da Alƙahira suna buƙatar masu shi.

Shi jakada naɗa shi ake yi, kuma akwai ƙa'ida. Ana aika sunansa da tarihin aikinsa a asirce ga ƙasar da za shi, a nemi yardarta. Tana iya ƙi ba tare da dalili ba, sau da yawa ma ba ta cewa a'a, shiru kawai take yi har a gane. Shi ya sa sanar da suna kafin yarda ta zo babban kuskure ne, yana kunyata mutum da ƙasarsa. In ya isa, zai miƙa kofin takardun kama aiki ga ma'aikatar harkokin wajen can, sannan ya jira ranar da shugaban ƙasa zai karɓi na asali. Da ranar kama aiki ake jera jakadu a wurin taro, ba da girman ƙasa ba, don haka jakadan ƙaramar ƙasa yana iya zama shugaban jakadu duka.

Aikin yau da kullum rubutu ne. An gana da wani jami'i da safe, kafin magariba rahoto ya tafi gida: wa aka gani, me ya ce da bakinsa, me ya ƙi cewa, me kike ba da shawara a yi. Rahoton da ya kwana uku ya zama tarihi. Babbar cutar aikin ita ce rubuta wa shugabanni abin da suke son ji. Jakadan da ya ɓoye wa gida cewa maƙwabci ya fusata, don kada a ce ya gaza, ya cuci ƙasarsa fiye da abokin gaba. Ta biyu ita ce faɗin ra'ayin kai a wurin da ake jiran matsayin ƙasa. Kina da damar yin gardama da umarni a rubuce, a cikin gida. Idan an yanke, ko ki aiwatar ko ki ajiye aiki.

Ki dubi shari'ar tsibirin Lete. Rigima ce da Dahome, Benin ta yau, wadda ta yi zafi tun 1963. Ƙasashen biyu suka amince a 2001 su kai ta kotun duniya ta Heg, ranar 12 ga Yulin 2005 aka yanke: tsibirai 16 cikin 25 na Nijar, har da Lete, 9 na Benin. Da tsofaffin wasiƙun kwamandoji, da rajistar haraji, da awon zurfin kogi aka yi wannan shari'a. Ma'aikacin da ya adana takarda a inda za a same ta bayan shekara hamsin ya yi wa ƙasa aikin da bataliya ba za ta yi ba.

Wahala kuwa akwai. Ƙananan ofisoshi mutum uku ko huɗu ke riƙe da ƙasashe da yawa, haya da kuɗin makarantar yara suna cinye albashi, kuma kowace ƴan shekaru sai an tattara kaya, yara su sake harshe da abokai. Amma hanya a buɗe take. Idé Oumarou daga aikin jarida ya fara, ya riƙe sakatariyar ƙungiyar haɗin kan Afirka daga 1985 zuwa 1989. Hamid Algabid, ɗan yankin Tanut, ya jagoranci ƙungiyar ƙasashen Musulmi daga 1989 zuwa 1996. Aïchatou Mindaoudou ta daɗe tana ministar harkokin waje, sannan ta wakilci Majalisar Ɗinkin Duniya a Kodebuwa daga 2013 zuwa 2017.

Tambaya: Kowace shekara ana hutun 24 ga Afrilu, yaranmu ba su san dalili ba. Kuma me ya haɗa masu aikin waje da rigimar cikin gida? — Wani dattijo, Tanut

Amsa: Baba, ranar ce a 1995 aka sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar sulhu tsakanin gwamnati, zamanin shugaba Mahamane Ousmane, da ƙungiyar ƴan tawayen arewa ta ORA ƙarƙashin Rhissa Ag Boula. Aljeriya da Burkina Faso da Faransa suka shiga tsakani, bayan wata yarjejeniyar share fage a Wagadugu a Oktoban 1994. Ginshiƙanta su ne a sauko da mulki kusa da jama'a, a shigar da tsofaffin mayaƙa cikin soja da sauran ayyukan gwamnati, a kuma raya yankunan da aka bari a baya.

Abin da ya kamata yara su ji shi ne abin da ya biyo baya. Ba kowa ya ajiye bindiga ranar ba. Sai da aka sake zama a Aljiyas a 1997, da Njamena a 1998, kafin a ƙona makamai a Agadas ranar 25 ga Satumban 2000. Zaɓen ƙananan hukumomi da ya tsaya da ƙafarsa sai 2004, na majalisun jihohi sai 2011. A tsakani, a 2007, wata tawayen ta sake tashi har zuwa 2009, kuma jinkirin cika alkawari yana cikin ƙorafinta. Haka sulhu ke lalacewa: ba a rubuta wa'adin kowane alkawari ba, ba a ware kuɗinsa a kasafi ba, shugabanni sun sami kujeru an bar ƙananan mayaƙa hannu rabbana. Wanda zai rubuta yarjejeniya ya sa wa kowane sashe rana, da mai alhaki, da inda kuɗi zai fito, da wanda za a kai wa ƙara idan an saɓa.

Alaƙarsa da aikin waje kuwa kai tsaye ce. Wakilin ƙasar da gidanta ke rabe, abokan tattaunawarsa sun san haka kafin ya zauna, kuma za su nemi wani ɓangaren su yi magana da shi ta bayan gida. Duk ƙasar da ta shiga tsakani ma tana da tata buƙata, ko da niyyarta mai kyau ce. Nijar ta yi abin da ya amfane ta da ta jawo ƴan arewa cikin mulki da gaske, har Brigi Rafini ya riƙe firaminista daga 2011 zuwa 2021. Wasan taubasantaka da ke tsakanin ƙabilunmu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2014, yana sanyaya zuciya a zaure da kasuwa, muna alfahari da shi. Sai dai ba ya maye gurbin adalci wajen rabon aiki da rijiya da makaranta. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, nauyi ya ƙaru a kanmu masu jin ta. Bazabarme da Babarbare da Bafillace da Buzu da Tubu su ga cewa harshen hanya ce ta haɗuwa, kuma nasu harsunan suna nan da mutuncinsu a rediyo da aji.

Tambaya: Motar wani ofishin jakadanci ta buge mini babur a hanyar Mirya. An ce ba a kai su ƙara. Shi ke nan na yi asara? — Ɗan kabu-kabu, Garin Malam

Amsa: Sannu, Allah ya kiyaye gaba. Ba ka yi asara ba tukuna. Kada ka ɗaga babur daga wurin, in hali ya yi, sai ƴan sanda ko jandarma sun zo sun yi awo sun rubuta. Ka ɗauki lambar motar, da sunan kamfanin inshorarta, da takardar likita idan ka ji rauni. Da waɗannan za ka nemi diyya wurin kamfanin inshora, shi ba shi da wata kariya. Ka kuma bincika wa ke tuƙi, domin cikakkiyar kariya ta jami'in diflomasiyya ce, direba ɗan ƙasa da aka ɗauka aiki a nan ba ya cikin wannan sahu. Idan jami'in ne da kansa, kotunmu ba za ta gurfanar da shi ba sai ƙasarsa ta janye masa kariya a fili, shi kansa ba shi da ikon yafe ta. In an yi maka shiru, ka rubuta ƙorafi zuwa sashen kula da baƙin jakadu na ma'aikatar harkokin waje a Yamai, ka haɗa da kofin rahoton hatsarin da rasiɗin gyara, ka riƙe na asali a hannunka.